Ƙarin Ɗaki ko Ƙarin Sarari? Tarihin Faɗaɗa Gida a Kudancin Kano

GABATARWA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu, wata gardama ce da na tarar a gidanmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Bebeji, lokacin da na je hutun da ya wuce. Yayana ne aka sa wa ranar aure, ga shi kuwa babu ɗakin da za a kai amarya. Baffanmu, watau ƙanen mahaifina, ya kawo shawara a rushe zaure, a fitar da shaguna biyu masu kallon hanya, sa'an nan a bayansu a tayar wa ango ciki da falo na bulo. A cewarsa, ga ɗaki an samu, ga kuɗin haya duk wata. Kakanmu kuwa, wanda shekarunsa suka haura 80, ya ce muddin yana numfashi ba mai taɓa masa zaure. Da magana ta yi tsawo sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, ku da ake koya wa tarihi, gaya wa baffanka, a da in gida ya cika ina ake nufa da shi?" Na sunkuyar da kai, don ban san amsa ba.

Kunyar wannan rana ita ta sa na ƙarasa hutuna ina bin dattawa da magina da tambaya, daga Bebeji zuwa Kiru da Tudun Wada har Doguwa, na kuma haɗa da ɗan abin da na samu a littattafai. Abin da na gano a taƙaice shi ne, gidan Bahaushe tun asali an tsara shi ne don ya riƙa girma yana raguwa tare da mutanen cikinsa. Amma abin da yake yi masa iyaka ya yi ta sakewa cikin shekaru 200 da suka wuce: da farko ganuwa ce, sa'an nan gona, sa'an nan igiyar awo, yau kuma kuɗi. A kan waɗannan matakai huɗu zan bi da mai karatu.

YADDA GIDA YAKE GIRMA A GARGAJIYANCE

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu tuna da fasalin gidan kansa. Mai shigowa zai fara da zaure. Daga nan sai ƙofar gida, watau filin da ke tsakanin zaure da shigifa, inda akan yi ɗakin samari da na baƙi, a kuma ɗaure doki ko jaki. Bayan shigifa ne cikin gida yake, da turakar maigida, da ɗakunan mata, da madafi, da rumbuna, da rijiya, da makewayi can a ƙurya. Duka wannan a kewaye yake da katanga, ko darni, ko zana, gwargwadon ƙarfin mai shi. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaki zaman kansa yake yi, bai jingina da ɗan'uwansa ba. Saboda haka ƙara ɗaya ko rasa ɗaya ba ya taɓa sauran.

Aure shi ne babban mai ƙara ɗaki, domin a al'adarmu da addininmu kowace matar aure tana da haƙƙin ɗakinta. In maigida zai ƙara aure, sai a tayar da ɗaki. In ɗa ya isa aure, alhali yana cikin gandun ubansa, sai a yanka masa waje a gefe, a raba da zana, ya zama sashe. Mutuwa da saki da ƙaura kuma su ne masu rage ɗaki. Ɗakin da babu kowa ciki ba a yi masa yaɓe, damina biyu ko uku sai ya zube, ƙasarsa kuwa ba ta ɓata ba, ita za a kwaɓa a yi tubalin ɗakin jika. Wani Bature masanin gine-gine mai suna Schwerdtfeger, wanda ya yi nazarin gidajen birnin Zariya ya buga littafinsa a 1982, ya nuna wannan hawa da sauka na ɗakuna bisa hawa da saukar iyali. Tsofaffinmu sun san haka tun ba a rubuta ba.

Abin da ya sauƙaƙa wannan tsari shi ne kayan aikin suna kusa. Jar ƙasa daga kududdufi ake haƙo ta, a cuɗa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Ginin da rani ake yi, bayan an kawar da amfanin gona, sau da yawa kuma da gayya. In kago ne ko adada, sai a haɗa tsaiko, a yanta ciyawa, a baibaye. In soro ne, sai an nemi azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara tana da iyakarta, in tazara ta wuce kamar ƙafa 6 sai ta lanƙwasa da nauyin ƙasa. Don haka mai son ɗaki mai faɗi dole ya nemi gwanin magini wanda ya iya tauyi, ko ginshiƙi, ko baka, ko ɗaurin guga. Irin wannan gwaninta ce ta kai ƙarshe a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Talaka dai ba ya faɗaɗa ɗaki, ƙara wani yake yi. A nan kudu kuma, inda ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, musamman wajen Doguwa da Riruwai, jinka ta fi soro arhar riƙo, don soro kullum yana bukatar makuba ko laso da gyaran indararo.

ZAMANIN GANUWA

Mataki na farko shi ne zamanin da tsoro yake yi wa gida iyaka. Kudancin Kano a ƙarni na 19 bakin daga ne. Daga wajen tsakiyar ƙarnin, Ningawa suka riƙa kawo hari ƙasar Kano ta wannan fuska, suna kama mutane da dabbobi, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su. Wanda duk ya yi gida shi kaɗai a tsakiyar gona, ya ba da kansa ne. Saboda haka jama'a suka taru a garuruwa masu ganuwa, irin su Bebeji da Tudun Wada da Rano, da rana a fita gona, da magariba a koma a rufe ƙofa.

Bebeji kuwa ba ƙaramin gari ba ne a lokacin, don yana kan hanyar fatake tsakanin Zariya da Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, ya ratsa ta cikinsa a 1826, ya kuma bayyana shi da cewa babban gari ne mai ganuwa da yawan 'yan kasuwa. A irin wannan gari, gida ba shi da damar ya miƙe ƙafa yadda yake so. Ganuwa tana kewaye da ɗan fili na noma da kiwo don ranar da aka tsare gari, kuma ba a yarda kowa ya cinye shi da gini ba. In mutum yana son ƙarin wuri, sai ya je wurin mai unguwa, shi kuma ya kai shi gaban sarkin gari, a ba shi kango ko kufan wanda ya tashi. In ba a samu ba, sai gida ya girma ta ciki, watau a cusa ɗaki tsakanin ɗaki, a matsar da rumbu. Wannan ne asalin matsattsun lungunan da muke gani a tsofaffin unguwanni. Attajiri da basarake kaɗai ke iya hawa sama, su yi bene na ƙasa a kan zaure ko turaka.

Da na karanta wa Kaka wannan, sai ya yi dariya ya ce, "To ai ka ji. Ko a zamanin Ningawa da ake kwana da kibiya, ba a ci zaure ba." Baffa ya ce, "Baba, a zamanin Ningawa ba a biyan kuɗin makaranta." Kowannensu yana da gaskiyarsa.

BAYAN ZUWAN TURAWA

Mataki na biyu ya fara ne a bakin ƙofar Bebeji. Ran 1 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawa a ƙarƙashin Kanar Molan, wadda ta taso daga Zariya, ta iso garin ta tarar da ƙofa a rufe. Aka harba igwa, ƙofa ta fashe, sarkin garin da wasu mutanensa suka rasu. Ran 3 ga wata Kano ta faɗi. Ba ina yabon mulkin mallaka ba ne, amma tilas a faɗi cewa daga wannan lokaci ganuwa ta rasa aikinta. Hare-hare suka ƙare, mutane suka fara fita suna kafa gidaje kusa da gonakinsu. Da yawa daga cikin ƙauyukan da sunansu ya fara da "Gidan" ko "Unguwar" ko "Sabon Garin" a wannan yanki, dattawansu za su gaya maka daga cikin wani tsohon gari kakanninsu suka fito. Namu ma haka ne.

Wannan shi ne zamanin da Kaka yake nufi da tambayarsa. A lokacin, in gida ya cika, gona ake nufa da shi. A tuge darnin baya, a matsar da shi taki 10 ko 20 cikin gonar bayan gida, shi ke nan an sami sashe. In 'yan'uwa sun yi yawa ko zama ya yi tsami, ɗaya ya nemi izinin dagaci ya sari daji ya kafa nasa. Gidajen Maguzawa na wannan yanki, masu ɗauke da 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne a cikin danga ɗaya, su ne suka fi nuna inda irin wannan girma yake iya kaiwa.

A wannan zamani ne kuma sababbin kayan gini suka fara shigowa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layinsa kuwa ya ratsa ta Dangora a ƙasar Kiru. Cinikin gyaɗa ya sa kuɗi a hannun manomi, jirgin da ya tafi da gyaɗa ya komo da kwano da siminti. Da farko a tashoshin jirgi da gine-ginen En'e da barikin masu haƙar kuza ake ganinsu, daga baya attajirai suka ɗauka. Kwano ya kawar da iyakar azara, don da katako da kwano ana iya rufe ɗaki kowane faɗi. Ya kuma kawo ɗaki mai kusurwa huɗu a jere, bango ɗaya na raba biyu, abin da ya fara kashe kago.

Amma fa yalwar fili ba ko'ina ba ce. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi nazarin Ɗorayi a gefen birnin Kano, ta buga littafinta a 1977. Ta tarar da manya-manyan gidaje, har da mai ɗauke da mutum wajen 100, ta kuma nuna ƙarancin gona ne ya hana 'ya'ya fita su kafa nasu. Abin da Ɗorayi ta gani a lokacin, shi ne ya iso mana kudu daga baya.

ZAMANIN DAM DA IGIYAR AWO

Mataki na uku ya zo tare da ruwa. An kafa Jihar Kano a 1967, Gwamnanta na farko kuma, Audu Bako, ya ɗauki aikin madatsun ruwa da muhimmanci. Aka yi ta Bagauda, sa'an nan tsakanin 1971 da 1974 aka gina babbar madatsar Tiga a kan Kogin Kano. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai faɗin murabba'in kilomita 178. Albarkar wannan aiki ba ta ɓoyuwa, don da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura, da shi birni yake sha, ga kuma kamun kifi. Amma a ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da fadamu da kufan ƙauyuka, mutanensu kuwa sai da aka tashe su zuwa sababbin matsugunai.

Wata gwaggon mahaifina tana cikin waɗanda suka tashi. Abin da take yawan faɗa shi ne, a tsohon gari ba ta taɓa sanin inda gidansu ya ƙare ba, don bayan darni gonarsu ce, bayan gona kuma fadamarsu. A sabon wuri kuwa sai ga fili an auna, ga turaku huɗu, maƙwabci a dama, maƙwabci a hagu, hanya a gaba. Ta ce ran da ɗanta na biyu zai yi aure, nan ta gane ma'anar turakun nan. Wannan shi ne karo na farko da da yawa daga mutanen karkararmu suka ga gida a matsayin fuloti, watau abu mai iyaka wadda ba ta matsawa.

Ba a daɗe ba sai ga Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, zamanin Janar Obasanjo, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin zama a filayen karkara. Dagaci da mai unguwa ba su daina sa baki ba, amma takarda ta shigo cikin magana. Can kudu kuma, a ƙasar Doguwa da Tudun Wada, Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, ya zama wata iyakar, don ba a saransa a yi gona ko gida. Hanyar nan ta ɗaukar gatari a shiga daji ta toshe.

ZAMANIN BULO DA KUƊI

Mataki na huɗu shi ne wanda muke ciki. Tushensa kuɗin man fetur ne. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, a shekarar ce kuma jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cincirindo a tashar Ikko har suka rasa wurin sauke kaya. Kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979. Tun daga nan ginin bulo ya zama alamar arziki, ginin ƙasa kuma alamar rashi, har ta kai iyayen yarinya kan tambaya ko ɗakin na siminti ne kafin su sa rana. Gadon amarya da kujerunta da kabad ɗinta ma ba za su shiga kago ba, sai ciki da falo.

Bulo yana da amfaninsa, don ya hutar da mutane yaɓen kowace shekara da fargabar rushewar ɗaki a watan Agusta. Amma ya sake wa gida hali ta hanya uku. Na farko, ɗakin bulo ba ya komawa ƙasa. In an gina shi ya zauna ke nan, ko da mai shi ya tashi, saboda haka gida ya iya girma amma ya mance raguwa. Na biyu, ba a yinsa da gayya, sai da kuɗi, don haka wanda ya fi kuɗi a cikin 'yan'uwa shi yake cin fili, ba wanda ya fi bukata ba. Na uku, abin da aka kashe wa kuɗi ba a barinsa a gandu. In maigida ya rasu aka zo rabon gado, kowa sai ya ja katanga a kan rabonsa ya fasa ƙofarsa, gida ɗaya ya zama huɗu ko biyar, kowanne da ɗan tsakar gida kamar tabarma.

A haɗa wannan da yawan jama'a. Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5 da dubu 800, ta 2006 kuwa ta ba ta sama da miliyan 9. Gonar bayan gida an rabe ta ko an sayar, musamman a garuruwan bakin titi irin su Kwanar Dangora, inda fili ya zama haja. Bugu da ƙari, a wajen 2015 da 2016, lokacin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi kewayen Falgore, wasu mazauna rugage da gidajen gona sun komo cikin gari wurin dangi, kamar dai yadda kakanninsu suka yi a zamanin Ningawa, sai dai wannan karon babu ganuwa.

To, tun da ba gaba ba baya, sai gida ya juya yana cin kansa. Rumbu ya tafi, turken awaki ya tafi, bishiya ta tafi, ƙofar gida ta zama ɗaki, zaure ya zama shago. Wa ya yi hasara? Zaure shi ne masaukin baƙo, da makarantar allo, da wurin raɗin suna da zaman makoki da sulhu, shi ne kuma sitirar cikin gida. Tsakar gida kuwa ita ce duniyar matan da ke cikin kulle, nan suke daka da girki da shanya da sana'a da renon yara, nan ake kwana da bazara in ɗakin kwano ya ƙi shiguwa. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗakin da ba iska yana taimakon yaɗuwar sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Kano a 1996. Abin mamaki, ran da ake gardamar gidanmu, ba wanda ya tambayi Inna ko matar Baffa, alhali filinsu ne ake rabo.

KAMMALAWA

Na koma wa Kaka da amsar tambayarsa. Na ce, "Kaka, a da gona ake nufa da shi, amma yau gonar babu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na sani. So nake ku san abin da kuke rushewa kafin ku rushe."

Ga yadda aka ƙare. An bar zaure. Tsohon ɗakin marigayiya kakarmu, wanda ya zube shekarun baya, shi aka share aka tayar wa Yaya ciki da falo a gurbinsa, amma sai da aka ci taki 4 na tsakar gida, aka kuma sare darbejiyar da Inna take tankaɗe a ƙarƙashinta. Baffa bai sami shagunansa ba, kuma na san maganar kwantawa ta yi, ba mutuwa ba. Bayan Yaya kuwa ni ne, kuma na zagaya gidan nan da ƙafata, ban ga inda za a sa nawa ɗakin ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu nazarin Hausa da tarihi da zanen gine-gine, da mu yi abu biyu. Na ɗaya, in mun je hutu mu zauna da tsofaffin magina mu rubuta kalmominsu da dabarunsu, mu kuma zana fasalin gidajenmu yadda suke a yau, da tarihin kowane ɗaki, wa ya gina shi, don wa, a wace shekara. Na biyu, mu yi tunanin yadda za a ƙara ɗaki a fuloti mai turaku huɗu ba tare da an kashe zaure da tsakar gida ba, ko ta hawa bene ne kamar yadda attajiran cikin ganuwa suka yi, ko ta gyara ginin ƙasa ya dace da zamani. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In mu 'ya'yan gidajen ba mu yi wannan aiki ba, ban ga wanda zai zo daga wani wuri ya yi mana ba.

Allah ya sa mu dace, amin.